Agogunan sama da igiyar da ido ba ya gani

Duk wanda ya taɓa jefa tsakuwa cikin tabki ya san abin da ke biyo baya. Ruwa yakan yi zobe, zoben ya yi ta faɗaɗa har ya kai gaɓa. Kwaɗon da ke can gefe bai ga tsakuwar ba. Amma ganyen badon da yake zaune a kai ya ɗaga, ya sauka. Da haka ya san wani abu ya faɗa cikin ruwa.

Masana sun ce sararin samaniya ma yana yin irin wannan igiya. Sun daɗe suna neman dabarar jin ta. Ɗaya daga cikin dabarun tana da ban mamaki. Akwai waɗansu taurari masu bugu kamar agogo. Masana suna sauraren su shekara da shekaru, su ga ko bugun ya makara, ko kuwa ya zo kafin lokacinsa.

Abin da Einstein ya faɗa

A shekara ta 1915, wani masani haifaffen Jamus, mai suna Albert Einstein, ya kawo sabon bayani a kan nauyi. Nauyi shi ne ƙarfin da ke sa mangwaro ya faɗo ƙasa. Shi ne kuma ke riƙe da Duniya, kada ta kuɓuce wa Rana.

Einstein ya ce sarari ba wofi ba ne kurum. Yana lotsawa, yana miƙewa. Yara huɗu su kama zane, kowa da kusurwa guda, su ja shi ya miƙe. A aza dutse a tsakiya. Zanen zai lotsa. In aka mirgina ƴar kurna bisa zanen, ba za ta tafi sak ba, sai ta karkata wajen dutsen. Haka Rana ke lotsa sarari, Duniya kuma tana bin gefen lotsin.

A 1916 ya ƙara da cewa: idan abubuwa biyu masu nauyin gaske suna kewaya juna, za su girgiza sarari. Girgizar za ta bazu ko'ina da saurin haske, wato kilomita 300 000 cikin sakan guda. Ita ce ake kira igiyar nauyi.

Me takan yi idan ta ratsa wuri? A samu tsohuwar robar cikin tayar keke, a zana zobe a kanta da alli. A ja ta gabas da yamma. Zoben zai koma kamar ƙwai: ya yi tsawo gabas da yamma, ya tsuke kudu da arewa. To, haka igiyar nauyi ke yi wa sarari. Ta miƙa shi ta nan, ta matse shi ta can, an jima kuma ta juya abin. Ku riƙe wannan siffa ta ƙwai da kyau, don za ta yi amfani nan gaba.

Sai dai motsin ƙanƙane ne ƙwarai da gaske. Einstein da kansa bai sa rai za a iya auna shi ba.

Ɗalibar da ta lura da ɗan zane

A 1967, a jami'ar Kambirij ta ƙasar Ingila, akwai wata ɗaliba mai suna Jocelyn Bell. Ita da abokan aikinta sun yi shekara biyu suna kafa wata na'ura ta sauraren sama. Ba madubin hangen nesa ba ce. Sanduna ne fiye da 1 000 da wayoyi, a fili mai kusan hekta 2. Taurari ba haske kaɗai suke aikowa ba. Waɗansu suna aiko da igiyar rediyo, irin wadda akwatin rediyo ke kamawa. Ita na'urar ke saurare.

Abin da na'urar ta ji, alƙalami yana zana shi bisa doguwar takarda, wajen mita 30 kowace rana. Jocelyn Bell ke duba takardar da idonta. Wata rana ta ga wani ɗan cukurkuɗaɗɗen zane wanda bai kai faɗin yatsa ba. Wani da ya ce datti ne, ya wuce. Ita kuwa ta tuna ta taɓa ganin irinsa, daga wannan gefen sama ɗin. Ta yi ta bibiya. Ran 28 ga watan Nuwamba ta ga abin sarai: bugu ne, ɗaya bayan ɗaya, kowane sakan 1 da sulusi, ba ƙari ba ragi.

Da farko har wasa suka yi, suka ce ko waɗansu halittu ne na wata duniya ke aiko da saƙo. Da ta samu na biyu a wani gefen sama dabam, sai aka tabbata taurari ne. Aka raɗa musu suna fulsar, wato tauraro mai bugu.

A 1974 aka ba malaminta, Antony Hewish, babbar kyautar nan ta Nobel saboda wannan aiki. Ita ba a sa sunanta ba. Mutane da yawa sun ce ba a kyauta ba, kuma da gaskiyarsu. A 2018 aka ba ta wata kyauta ta dala miliyan 3. Ta bayar da kuɗin duka don a taimaki ɗalibai su yi karatu.

Mene ne fulsar?

Tauraro ma yana tsufa, yana mutuwa. Idan babban tauraro, wanda ya ninka Rana sau da yawa, ya ƙare makamashinsa, sai ya fashe. Ɓawonsa ya watse cikin sarari. Cikinsa kuwa ya dunƙule, ya zama ɗan curi mai faɗin kilomita 20 ko kusan haka. Wato kamar daga Damagaram zuwa Mirriya. Amma wannan ɗan curi ya fi Rana nauyi! Cokalin shayi guda na jikinsa ya kai tan miliyan 1 000.

Curin yana juyawa da sauri, yana fitar da igiyar rediyo ta wuri biyu, kamar tocila mai baki gaba da baya. A ce yaro ya tsaya a fili cikin dare, riƙe da tocila, yana juyawa. Wanda ke nesa zai ga haske ya haska shi, ya ɓace, ya sake haska shi. Tocilar ba ta mutu ba, juyawa ce kawai. Kowane bugu na fulsar, juyi guda ke nan.

A shekara ta 1054, masanan ƙasar Sin sun rubuta cewa wani sabon tauraro ya bayyana, har da rana tsaka ana ganinsa kwana 23. Fashewar tauraro ce suka gani. A wurin, yau akwai fulsar mai juyawa sau 30 cikin sakan guda. Yana can ɓangaren sama da Kaza da Ƴaƴanta suke, sai dai ido ba ya ganinsa.

Shaida ta farko

A 1974, Russell Hulse da malaminsa Joseph Taylor suna aiki da wani ƙaton kwanon saurare a Aresibo, cikin tsibirin Furto Riko. Faɗin kwanon mita 305, an shimfiɗa shi cikin kwari tsakanin tuddai. Suka samu wani fulsar mai hali dabam. Bugunsa yakan yi sauri, ya yi sanyi, ya sake yin sauri. Dalili shi ne yana da aboki, wani curin tauraro kamarsa. Suna kewaya juna sau ɗaya cikin awa 7 da minti 45.

Ga abin da Einstein ya faɗa ya samu: abubuwa biyu masu nauyi suna kewaya juna. In dai suna fitar da igiyar nauyi, to suna asarar ƙarfi, dole su riƙa matsowa kusa da juna. Taylor da abokan aikinsa suka yi ta auna bugun, shekara bayan shekara. Suka tarar taurarin suna matsowa wajen mita 3 da rabi kowace shekara, daidai yadda lissafin Einstein ya nuna. A 1993 Hulse da Taylor suka samu kyautar Nobel.

Wannan kamar ganin sawun kura ne a bakin gari. An san ta zo, amma ba a gan ta ba.

An ji ƙaramar ganga, saura babba

Ran 14 ga Satumba 2015 aka kama igiyar nauyi kai tsaye. Wata na'ura ce mai suna LIGO, a Amurka, ta kama ta. Na'urar tana da hannuwa biyu, kowane tsawon kilomita 4. Igiyar ta fito daga baƙaƙen ramu biyu da suka haɗe. Baƙin rami wuri ne da nauyi ya taru ya yi yawa, har haske ma in ya shiga ba ya fitowa. Kowane ɗaya daga cikin biyun nan ya ninka Rana nauyi wajen sau 30. Abin da LIGO ta ji bai kai sakan guda ba.

Amma akwai baƙaƙen ramu da suka fi waɗannan nesa ba kusa ba. Taurari a garke suke zama. Rana tana cikin wani garke mai taurari fiye da miliyan dubu 100. Farin zanen nan da ke ratsa sama cikin daren da babu wata, shi ne garkenmu. A tsakiyarsa akwai baƙin rami mai nauyin Rana miliyan 4. A tsakiyar waɗansu garkuna akwai masu nauyin Rana miliyan dubu da ɗoriya. Garkuna biyu sukan haɗu su gauraya. In haka ta faru, manyan ramukansu sai su sami juna, su shiga kewaya juna a hankali. Kewaye guda yakan ci shekaru.

Igiyar da suke fitarwa doguwa ce ainun. Wata takan yi shekara 10 kafin ta gama miƙa sarari ta matse shi sau ɗaya tak. Yaron da aka sa lakkwal ranar da ta fara, zai gama firamare, ya yi nisa a kwaleji, ita ba ta ƙare ba. Hannun kilomita 4 ba ya jin irin wannan. Ana bukatar na'ura mai girman garken taurari. Wa zai iya ƙera ta? Babu. Sai dai a yi aiki da wadda ke nan tun fil azal.

Dakan da ke makara

A ce mace tana daka a wani ƙauye can nesa, taɓaryarta tana sauka daidai wa daida. Mai saurare yana zaune ƙarƙashin itace da agogo a hannu. Ya san lokacin da kowane bugu zai iso kunnensa. To, a ce hanyar da ke tsakaninsu ta ƙara tsawo kaɗan. Bugun zai makara, don tafiyarsa ta ƙaru. In hanyar ta ragu, sai ya iso da wuri. Mai dakan ba ta sake komi ba. Hanya ce ta sake.

Wannan ita ce dabarar. Fulsar shi ne mai daka, Duniya ce mai saurare. Idan igiyar nauyi ta miƙa sararin da ke tsakaninsu, bugu ya makara. Idan ta matse shi, bugu ya zo da wuri. Wani Barashe, Mikhail Sazhin, ya kawo shawarar a 1978. Wani Ba'amurke, Steven Detweiler, ya ƙara bayani a 1979.

Lokacin nan ba a san fulsar da bugunsa ya daidaita har ya isa wannan aiki ba. Sai a 1982 Donald Backer da abokansa suka samu wani mai juyawa sau 642 cikin sakan guda. Ku lissafa: cikin minti ɗaya sau 38 520 ke nan. Irin waɗannan tsofaffi ne. Sun janyo iska mai zafi daga jikin wani tauraro maƙwabcinsu, ita ta ƙara musu gudu, kamar yadda ake kaɗa katantanwa. Bugunsu yana gogayya da agogon atom, wanda ya fi kowane agogo daidaito a Duniya. Su ne agogunan sama.

Makarar da ake nema fa? A raba sakan guda kashi miliyan 10, a ɗauki kashi ɗaya. Kusan ita ke nan. Cikin wannan ɗan lokaci haske mita 30 kawai yake tafiya. Tsakanin Duniya da Rana kilomita miliyan 150 ne. Da igiyar za ta miƙa wannan nisa, abin da za ta ƙara bai kai rabin milimita ba, kamar ƙwayar rairayi guda.

Abubuwan da ke ruɗa mai awo

Nan aikin yake da wuya. Abubuwa da yawa suna sa bugu ya makara, ba igiyar nauyi kaɗai ba.

Duniya ba tsaye take ba. Tana kewaya Rana, wani lokaci tana matsawa wajen tauraron, bayan wata shida kuma tana nisantarsa. Wannan kaɗai yana iya sa bugu ya zo da wuri da minti 8, ko ya makara da minti 8. Dole a cire wannan da lissafi. Rana ma tana ɗan tangaɗi, saboda jan manyan duniyoyi irin su Jufita, wadda Larabawa ke kira Mushtari. Jufita tana kewaya Rana cikin shekara 12, kusan tsawon igiyar da ake nema. In aka yi ɗan kuskure wajen sanin inda take, kuskuren zai yi kama da igiya.

Sa'an nan tsakanin taurari akwai wata siririyar iska da ke rage wa igiyar rediyo sauri, kuma yawanta yana sakewa. Shi fulsar kansa yakan ɗan yi tuntuɓe. Agogon da ke wurin saurare ma yana iya kuskure. Bugu guda kuwa ba shi da ƙarfi, sai an tara dubbai an haɗa kafin a sami awo ɗaya mai kyau. Ana komawa ga kowane tauraro bayan mako biyu zuwa huɗu, a sake awo. Haka za a yi ta yi har shekara 15 ko 20.

To, bayan duk wannan, in an ga makara, yaya za a san igiyar nauyi ce?

Amsar ta zo a 1983, daga Ronald Hellings da George Downs. Suka ce kada a dogara da tauraro guda. A saurari da yawa, a gwada su biyu-biyu.

A koma ga mai saurare ƙarƙashin itace. Yanzu ƙauyuka huɗu ke daka: gabas, yamma, kudu da arewa. Idan mai dakan gabas ta gaji, nata bugun kaɗai zai makara. Idan agogon mai saurare ne ya lalace, duka huɗun za su makara tare. Idan shi ne ya gusa wajen gabas bai sani ba, na gabas zai zo da wuri, na yamma ya makara. Amma a ce na gabas da na yamma sun makara tare, na kudu da na arewa kuwa sun zo da wuri tare. Wannan fa? Gajiya ba ta yin haka, lalacewar agogo ba ta yin haka, gusawa ba ta yin haka. Ku tuna da zoben da ya koma ƙwai bisa robar keke. Ƙasar ce ta miƙe gabas da yamma, ta tsuke kudu da arewa.

Hellings da Downs suka lissafa yadda abin zai kasance a sama. Taurari biyu da ke kusa da juna za su makara tare. Biyun da ke tsakaninsu kamar gabas da arewa za su saɓa wa juna. Biyun da ke fuskantar juna, ɗaya gabas ɗaya yamma, za su sake tafiya tare, ko da yake ba sosai ba. Wannan alama ita ce tambarin igiyar nauyi. Wanda bai nuna ta ba, bai nuna komi ba.

Sanarwar 2023

Ƙungiyoyin masana suka kama aiki a ƙasashe dabam-dabam. A Ostareliya suna da kwanon Parkes mai faɗin mita 64. A Turai sun haɗa kwanuka biyar, na Jamus, Ingila, Faransa, Holan da Italiya, daga baya masanan Indiya suka haɗa kai da su. A Amurka da Kanada aka kafa ƙungiyar NANOGrav a 2007. Ƙasar Sin ta gama gina kwanon FAST a 2016, mai faɗin mita 500.

Ana cikin haka aka yi babban rashi. Ran 1 ga Disamba 2020, igiyoyin ƙarfe da ke riƙe da na'urorin Aresibo suka tsinke. Kaya mai nauyin tan 900 ya faɗo bisa kwanon, ya ragargaza shi. Ba wanda ya ji rauni. Amma kwanon da aka samu tauraron Hulse da Taylor da shi, da mai juyi 642, ya tafi ke nan. Awon da ya tara dai yana nan, aka ci gaba da aiki da shi.

A ƙarshen watan Yuni 2023, ƙungiyoyin suka fito da sakamakonsu lokaci guda. NANOGrav ta kawo awon shekara 15. Ta gwada taurari 67 biyu-biyu. In mutum 67 suka haɗu, kowa ya yi musafaha da kowa, musafaha nawa ke nan? A ninka 67 da 66, a raba biyu: 2 211. Cikin waɗannan gwaje-gwaje 2 211, tambarin Hellings da Downs ya fara fitowa. Na Turai da Indiya, da na Ostareliya, da na Sin, su ma sun ga alamarsa cikin nasu awo.

Duk da haka ba su ce sun gano ba. Cewa suka yi sun sami shaida. Me ya sa? Saboda kuskuren awo yana iya haɗuwa bisa katari ya yi kama da tambarin. NANOGrav ta lissafa cewa irin wannan katari zai faru kamar sau ɗaya cikin 1 000, ko ƙasa da haka. A kasuwa wannan ya isa a yi ciniki. Amma ƙa'idar masanan nan ita ce sai ya koma sau ɗaya cikin miliyan 3 da rabi. Wannan taka-tsantsan daidai ne, don an sha yin shelar gano abu, daga baya ya zama ba haka ba.

Abin da suka ji kuma ba igiya guda ba ce. Ya fi kama da gunjin kasuwa in an jiyo shi daga bayan gari: muryoyi da yawa sun gauraya, ba a rarrabe ta kowa. Yawancin masana suna ganin manyan baƙaƙen ramu ne, dubbai bisa dubbai, biyu-biyu suna kewaya juna a garkuna masu nisa. Waɗansu kuma sun ce wataƙila da sauran girgizar farkon halittar sammai a ciki.

A Afirka ta Kudu, cikin busasshiyar ƙasar Karu, akwai kwanuka 64 da ke aiki tare, sunansu MeerKAT. An buɗe su a 2018. A Disamba 2024 masanan da ke aiki da su suka kawo awon taurari 83 na shekara 4 da rabi, su ma da alamar gunjin a ciki. A wannan wuri, da kuma Ostareliya, aka fara gina wata na'ura mai suna SKA a Disamba 2022, wadda za ta fi MeerKAT ji. Abin da ake fatan samu da ita shi ne murya guda daga cikin gunjin: a nuna garke kaza a sama, a ce ga ramuka biyu a tsakiyarsa, nauyinsu kaza, suna kewaya juna cikin shekara kaza.